Barista Ya Janye Laccata

Ku yi haƙuri da ni yau, da zafi nake rubutun nan. Na goge layin farko ya fi a ƙirga, saboda abin da ke fitowa daga yatsuna ba ya karantuwa a bainar jama'a. Masu ce mini in yi sanyi, wai mace ba ta ɗaga murya, ku ajiye nasiharku tukuna ku ji abin da aka yi mini. In kun gama ji kuka ga har yanzu ni ce mai laifi, to ga fili nan a ƙasa, ku zage ni son ranku.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har 'ya'yan Yayana da ban san ranar da za su koyi cewa Anti ba. A jami'a kuwa Malama ce ni, ƙaramar malama a sashen nazarin ƙasa da duwatsu. Kwas ɗin da aka ba ni bana shi ne na sauyin yanayi da haɗurran gaɓar teku: yadda ruwan teku ke ƙara hawa shekara bayan shekara, yadda igiyar ruwa ke cin gindin tudu har samansa ya rasa abin da zai tsaya a kai ya rufto. A kan wannan na yi digirina na biyu, da shi nake ci, da shi nake sha.

Gidanmu kuma a kan irin wannan tudun yake. Layinmu jerin gidaje ne guda, gabansu titi, bayansu teku can ƙasa. Ina ƙarama, tsakanin katangarmu ta baya da bakin tudun akwai filin da su Yaya ke buga ƙwallo, har da bishiyoyin da Umma ke ɗaura wa igiyar shanya. Yau bishiyoyin nan kifi ne ke zagaya su. Abin da ya rage na filin ko mota ba za ta iya juyawa a kai ba. Bayan ruwan da aka tafka a daminar da ta wuce kuma, katangar bayan ta tsage tun daga ƙasa har sama. Da farko ƙusa ce kawai ke shiga tsagar. Yanzu hannuna na shigewa har wuyan hannu.

Na gaya wa Baba. Wallahi na gaya masa, a ɗakinsa, daga ni sai shi, na durƙusa kamar mai neman gafara.

"Baba, ƙasar bayan gidan nan tafiya take yi."

Ya sauke tabarau zuwa kan hancinsa ya dube ni ta sama. "Auta, gidan nan ya girme ki. A ina kika taɓa ganin ƙasa da ƙafafu?"

Ya yi dariyarsa ya koma kan rediyo. Haka muke yi duk lokacin da na tayar da maganar.

Sai kuma Barista, wanda saboda shi ne jinina ke tafasa yanzu. Lauya ne, dogo, mai magana kamar ana zuba zuma a shayi. Mun daɗe tare, iyaye sun san da zancen, har an fara maganar lokaci. Mahaifinsa ne ke da yawancin gidajen layinmu, ya zuba 'yan haya a ciki. A wayata "Nawa" na rubuta masa. E, na sani, ku yi dariyarku.

Abin ya faro ne daga aji. Ina haska wa ɗalibaina hotunan gaɓar wasu ƙasashe a majigi, rabinsu na hamma, rabi na latsa waya a ƙarƙashin tebur. Sai wani daga tsakiya ya ce, "Malama, wannan ai a can yake faruwa, mu ina ruwanmu?"

Raina ya ɓaci. Na buɗe kwamfutata na haska hoton tsagar katangarmu. Babu ƙofar gida a hoton, babu lamba, babu fuskar kowa. Na ce musu, "Wannan ba can ba ne, nan ne, cikin garin nan. Duk wanda ya ga irin wannan tsaga a bayan gidansa, kuma gidan na kan tudun gaɓa, kada ya nemi mai fenti. Ya nemi inda zai kwana da 'ya'yansa."

Ajin ya yi tsit, na ji daɗi, na ɗauka na yi koyarwa. Ashe wani na ɗaukata a waya. Kuma ashe a gefen hoton, can sama, tankin ruwan maƙwabcinmu ya leƙo, wanda matarsa ta sa aka yi wa fenti ruwan hoda. Duk garin nan babu mai tanki ruwan hoda sai shi. Kafin in kai gida bidiyon ya shiga gurup ɗin layinmu, saƙonni na sauka kamar ƙanƙara.

"Wannan ba 'yar gidan tsohon ma'aikacin gidan waya ba ce?"

"To mu da muke haya a nan ya za mu yi?"

"Boko dai bai yi ba. Yarinya ta rasa abin koyarwa sai gidan ubanta."

Da na iso na ga takalma jere a ƙofar falo, na san an haɗa mini kotu. Gwaggo, yayar Baba, ta hakimce a kujerar tsakiya, jakarta mai girman akwati a cinya, mayafinta ya zame ba ta ma gyara ba. Yaya na tsaye jikin talabijin ya harɗe hannuwa. Matarsa ta maƙale a ƙofar kicin da ludayi, wai girki take. Umma na bakin kujera tana murza gefen zanenta. Baba kuwa bai ko ɗago ya dube ni ba.

"Ga 'yar jarida ta iso," in ji Gwaggo. "Ke yanzu Auta, gidan ubanki kika ɗauka kika manna a bango 'ya'yan mutane na kallo?"

"Gwaggo, katanga ce na nuna."

"Katangar uban wa?"

Sai Baba ya yi magana, a hankali, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ƙuruciyata kaf a bas na ƙarar da ita, ina zuwa aiki ina dawowa, don in aza bulon gidan nan ɗaya bisa ɗaya. Yau na fita sayen burodi, mai shago na tambayata wai yaushe za mu tashi. A gaban mutane, Auta."

Idona ya kawo ruwa, amma haushi ya riga hawayen fitowa. "Baba, na gaya maka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Ka ce ƙasa ba ta da ƙafafu."

"Ke, rufe wa mutane baki!" Yaya ya daka mini tsawa. "Don an ba ki allo da alli sai ki ɗauka an ba ki sanin gaibu?"

"Yaya, 'ya'yanka ne ke kwana a ɗakin baya. Gadonsu na jingine da bangon da ke kallon tsagar."

"Kada ki kuskura ki yi wa 'ya'yana mugun baki!"

Kun ji fa. Ni da nake ɗaukar yaran nan a bayana, ni ce mai mugun baki. Tudun da ruwa ke ci ta ƙasa shi ne mai fatan alheri.

Gwaggo ta buga tafin hannunta a kan jaka. "Ni duk ba wannan ya kawo ni ba. Mahaifin Barista ya kira ubanku. 'Yan hayarsa sun fara ɗaure kaya. Da wannan za ki gaishe da surukinki? Ba ki shiga gidansu ba kin fara kore musu arziki? Gobe ki tsaya gaban wayar nan taku ki ce kuskure kika yi, a wuce wurin."

"Ba zan ce ƙarya na koyar ba, Gwaggo, don ba ƙarya ba ce."

"To ki auri gaskiyar taki mu gani."

Da la'asar Barista ya zo. Baƙar kwat ɗinsa ta kotu ce a jikinsa, ya sassauta nektai, turarensa ya riga shi shigowa tsakar gida. Ya gaishe da Baba har ƙasa, ya ba Gwaggo dariya, sannan muka zauna a baranda ya miƙo mini askirim ɗin da ya san ina so.

"Ranki ya daɗe, Malama mai girgiza gari," ya ce yana murmushi. "Wa ya taɓa mini ke?"

Na zayyana masa komai. Na ce ba gidan kowa nake son in karya wa daraja ba. Na ce abin da nake roƙo shi ne ya lallashi mahaifinsa a kawo injiniyoyi su duba layin gaba ɗaya, a san gidajen da za a iya tallafa wa da waɗanda dole a fita daga cikinsu kafin damina ta dawo. Yana ta gyaɗa kai, idonsa a kaina kamar ni kaɗai ce a duniya.

"An gama. Ki bar mini komai, zan gyara."

Ni kuma sakarya na raka shi har mota ina murmushi, ina cewa a raina Allah ya ba ni miji mai fahimta.

Washegari da safe, ko jakata ban ajiye a ofis ba sakatariya ta ce shugabar sashe na nemana. Farfesa, shugabar tamu, dattijuwa ce 'yar siririya, tabaraunta rataye da sarƙa a wuya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta nuna mini kujera, ta turo wayarta gabana.

Hotona na fara gani. Wanda na ɗauka da rigar kammala digiri, ina dariya, wanda mutum ɗaya tak na taɓa tura wa a duniya. A ƙarƙashinsa an rubuta:

"Ni Malama a sashen nazarin ƙasa ina ba mazauna layinmu haƙuri game da ɗan bidiyon da ke yawo. Abin da na faɗa misali ne kawai na cikin aji, na ƙara masa gishiri don ɗalibai su fahimta. Gidajen layinmu lafiyarsu ƙalau, babu wani haɗari. Kowa ya kwantar da hankalinsa." Can ƙasa kuma: "Barista ya isar, a madadin iyali."

Na karanta na sake karantawa. Gishiri! Shekarun da na yi ina shiga taɓo da takalmin roba, ina auna gaɓa rana na gasa mini ƙeya, mutumin nan ya mayar da su gishiri a layi ɗaya.

Farfesa ta ce, "Na kalli laccarki, ban ga kuskure a ciki ba. Na kuma karanta wannan. Ɗaya daga cikinsu ƙarya ce, kuma duk biyun fuskarki ce a kai. Wacce zan ɗauka?"

"Farfesa, wallahi ba ni na rubuta ba."

"To ki faɗa da bakinki inda za a ji ki. In kika yi shiru kin sa hannu ke nan. Ni kuma wanda zai ce wa mutane babu haɗari a inda akwai, ba zan tsayar da shi gaban ɗalibaina ba, ko 'yar cikina ce." Ta karɓe wayarta. "Sannan hoton gidan mutane, ko da na mahaifinki ne, izini ake nema kafin a haska shi. Wannan kam ki riƙe."

Na haɗiye, don a nan ta fi ni gaskiya. Ina fita na jingina da bangon baranda na ciro waya.

Na rubuta wa Barista: "Me ka yi?"

Nan take ya amsa: "Na kashe wutar, gimbiya. Ba ki ga gurup ya yi tsit ba?" Har da ɗan hoton fuska mai murmushi.

"Da sunana? Da hotona?"

"Sunanki ai ya kusa zama nawa."

"Ka goge shi yanzu."

"Haba Malama. Kina da lacca da rana ko? Zan shigo mu ɗauki ɗan gajeren bidiyo a gaban ɗalibai, ki maimaita da bakinki, shi ke nan an rufe babin. Da kin sa doguwar rigar nan shuɗiya ma, tana yi miki kyau a kyamara."

Jama'a, rigar nan ce ta ƙarasa ni. Mutum ya sace mini baki, ya sace mini fuska, aikina na lilo a hannun Farfesa, shi kuma launin rigata ne damuwarsa. A tsaye a wurin na shiga lambarsa na goge "Nawa" na rubuta "Barista". Na wuce ɗakin gwaji na ɗauko babban farantin robar da muke gwaji da shi, na cika shi da yashi da yumɓu, na haɗa da jarkar ruwa da kwalin ashana.

Ɗakin laccar ya cika maƙil, har da waɗanda ban taɓa gani a ajina ba, 'yan kallo. Barista kuma yana can layin ƙarshe, farar riga ƙal, agogonsa na walƙiya, ya ɗaga waya ya saita ni. Da muka haɗa ido har babban yatsa ya ɗaga mini, wai in ci gaba.

Ban buɗe baki ba shugabar ajin ta miƙe. Yarinya ce mai ƙoƙari, kullum a layin gaba. "Malama, don Allah a jarrabawa wanne za mu rubuta? Abin da kika koya mana, ko abin da kika ce a gurup?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na ajiye farantin a kan tebur da ƙarfi har yashi ya yi tsalle.

"Zauna. Mai waya can baya, ka riƙe ta da kyau, kada hannunka ya yi rawa." Kawuna suka juya gare shi. "Saƙon da kuka gani da hotona ba ni na rubuta ba, ba a tambaye ni ba, ban kuma yarda da ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Abin da na koya muku shi ne gaskiya. Kuskurena ɗaya, na haska katangar mutane ban nemi izininsu ba, kuma su zan ba haƙuri, ba tekun ba. Yanzu ku matso."

Suka taso suka kewaye teburin. Na tara yashin da yumɓun na yi ɗan tudu a gefe guda, na dasa kwalin ashana a samansa. Na zuba ruwa a ɗaya gefen, na sa tafin hannu ina kaɗa shi yana dukan gindin tudun.

"Ku dubi sama. Akwai abin da ya canza?"

"Babu, Malama."

"Mai gidan nan in ya leƙo ta taga zai ce lafiya lau. Yanzu ku sunkuya ku dubi ƙasa."

Suka sunkuya. Ruwan ya riga ya rarake gindin, ya yi kogo. Na ƙara ruwa kaɗan a farantin. "Wannan shi ne hawan da teku ke yi saboda ɗumamar duniya. Ba shi da yawa a ido, amma yanzu igiyar na kai wa inda da ba ta kai." Na ɗebo ruwa a hannu na yayyafa a saman tudun. "Wannan kuma ruwan sama ne mai ƙarfi, irin wanda muke ƙara gani. Yana shiga ƙasa ya ƙara mata nauyi." Siririyar tsaga ta buɗe a bayan kwalin. Wata ɗaliba ta ce, "Wayyo, ga ta nan!" Ban sake taɓa komai ba. Muna tsaye muna kallo gefen tudun ya ɓalle gaba ɗaya, kwalin ashanar ya kifa cikin ruwa.

Babu wanda ya yi dariya. Na ɗago na nemi layin ƙarshe. Ya sauke wayar tuni, fuskarsa kamar an watsa mata toka.

A wurin ajiye motoci ya tare ni, hannuna duk yumɓu. Zumar nan ta bakinsa babu ko ɗigo.

"Ni za ki wulaƙanta a gaban yara?"

"Kai ka kawo kanka. Wa ya ba ka izinin yin magana da bakina?"

"Ni ne zan aure ki! Rufa miki asiri na yi!"

"Asirin wa ka rufa? Akwai masu jarirai a gidajen nan, Barista. Ka ce musu su kwantar da hankali, da fuskata ka ce musu!"

Ya buga hannu a kan motarsa. "Ke kin ɗauka ke kaɗai ce mai ido? Kin ɗauka mahaifina bai san tudun nan na cinyewa ba? Tun kafin ki san za ki haska wani hoto muka sani! Lokaci kawai muke nema mu rabu da gidajen a hankali, kika zo kika watsa mana kasuwa!"

Ya faɗa ya gama kafin ya ji abin da ya faɗa. Na ga lokacin da ya so ya kamo maganar ya mayar.

"Ku rabu da su," na ce. "Ku sayar wa wa?"

"Wanda ya saya mana."

"Ya shiga da matarsa da 'ya'yansa?"

"Ni lauya ne, ba mai gadin teku ba." Ya sassauta murya, ya matso. "Ke me ya dame ki ne wai? Gidan da zan ajiye ki can tsakiyar gari yake, ko ƙarar ruwan ba za ki ji ba."

"Babana fa? Jiya ka durƙusa a falonsa."

"Tsoho ne. A bar shi da kwanciyar hankalinsa."

Ban mare shi ba. Ina so ku rubuta wannan a cikin ayyukana na alheri, don hannuna har ya tashi. Na goge yumɓun a jikin jakata, na juya na tari tasi. Yana kirana, wayata na ta ruri a cinyata har muka iso layinmu, ban ɗauka ba.

Warin ɗanyen siminti da fenti ne ya tare ni a ƙofa. Na zagaya baya da gudu. An cike tsagar, an shafe, an bi ta da farin fenti. Magini na wanke cebur ɗinsa, ya ce Yaya ne ya kawo shi tun safe. Na tsaya ina kallon katangar tana ƙyalli kamar amarya, na rasa ko ihu zan yi ko dariya.

"Auta." Umma ce ta leƙo ta tagar kicin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Zo nan. Kada ki yi hayaniya."

Ta kama hannuna ta ja ni ta lungu har ɗakin baya. Gadon yaran na nan, amma babu katifa, babu gidan sauro. Ta tura ƙofar ɗakin. Ƙofar ta tafi ta tafi, sai ta cije a ƙasa, saura kusan tafin hannu ta rufu. Ta sa kafaɗa, ko motsi.

"Tun shekaranjiya take haka," in ji ta. "Na ce wa matar Yayanki sauro ne ya yi yawa a nan, na kwashe yaran suna kwana a ɗakina. Babanku bai sani ba." Ta ɗaga ledar tsakar ɗakin da ƙafa. Simintin da ke ƙasa ya tsage daga bango zuwa bango, gefe ɗaya ya ɗan sauka. "Mene ne wannan a karatun naku?"

Ƙofa ba ta ƙin rufuwa haka kawai. Ginin ne ya fara karkata.

"Umma, me ya sa jiya ba ki yi magana ba? Kina zaune suka yi mini taron dangi!"

"Gaban Gwaggonku? Ke dai ki gaya mini, kwana nawa muke da shi?"

"Ban sani ba, Umma. Babu wanda ya sani. Abin da na sani kada kowa ya sake kwana a ɓangaren nan."

Sai muka ji sallamar Yaya daga falo, da ƙarfi, cikin fara'ar da na daɗe ban ji a muryarsa ba. Yana kiran Umma, yana kiran matarsa, har da ni. Muka fito. Baba na kujerarsa, Gwaggo ta dawo tana shan shayi, Yaya na tsakiyar falo yana kaɗa wasu makullai a sama kamar ƙararrawa. Ya daɗe yana tara abin da zai mallaki gidan kansa ya fita da iyalinsa daga ɗakunan baya, kowa a gidan ya san burinsa ke nan.

"Ku taya ni murna! Mahaifin Barista ya sallama mini gidan ƙarshen layi. Ya ce tunda an kusa zama ɗaya, farashin 'yan'uwa zai yi mini. Ga makullai har ya bayar, yau za su zo da takardu in sa hannu." Ya juyo gare ni. "Kin gani ko, Malama? Mutanen da kika so ki tozarta."

Gwaggo ta ajiye kofi ta fara sa albarka. Matar Yaya ta rufe baki da hannu tana hawayen daɗi. Gidan ƙarshen layi, jama'a. Wanda ya fi kowanne kusa da bakin tudun, wanda bayansa ya riga ya rufta bara aka ja sabuwar katanga aka ɓoye.

Ban yi ihu ba. Na tsaya a tsakiyar falon na maimaita musu abin da Barista ya faɗa mini a wurin ajiye motoci, kalma bayan kalma, har da "wanda ya saya mana", har da "tsoho ne". Ina faɗa ina kallon Baba.

"Ƙarya take yi!" Yaya ya yi kaina. "Baƙin ciki ne! Sun yi faɗa da saurayinta shi ne za ta huce a kaina! Ina shaidarki?"

"Ba ni da shaida, Yaya. Daga ni sai shi."

"To kun ji!"

"Akwai ƙofa," in ji Umma.

Duk muka juya. Umma da ba ta tsoma baki in Gwaggo na wuri, ga ta tsaye, idonta a kan Baba. "Malam, ka tashi ka je ka rufe ƙofar ɗakin baya. In ta rufu, ni da kaina zan riƙe wa Auta wayar ta ba duniya haƙuri."

Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya zura silifas, ya bi lungun, mu duka a bayansa. Ya tura ƙofar, ta cije. Ya ja ta baya ya sake turawa da ƙarfi. Ya sa kafaɗa, tsoho da shi, har hularsa ta faɗi. Yaya ya ce, "Baba, danshi ne ya kumbura katakon," amma ƙofar ƙarfe ce, kuma shi ma ya sani, don bai ƙarasa maganar da ƙarfi ba. Baba ya sunkuyar da kai ya ga tsagar da ke tsakar ɗakin, inda Umma ta bar ledar a ɗage. Ya bi ta da ido har inda gadon jikokinsa yake.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tsoho ya ce?"

"Haka ya ce, Baba."

Daidai nan hon ɗin mota ya tashi a ƙofar gida, irin na Barista, gajere sau biyu. Muka ji an buɗe ƙofofin mota, muka ji muryar mahaifinsa yana sallama cikin fara'a. Makullan da ke hannun Yaya suka daina ƙara, ya damƙe su yana kallona yana kallon Baba. Gwaggo ta fara gyara mayafi tana cewa a yi maza a share falo.

Baba bai saki mariƙin ƙofar ba.

"Ku buɗe musu," ya ce. "Amma ba falo za ku kai su ba. Nan za ku kawo mini su."